Tambaya da Amsa: Bayananka a Hannun Jami'a

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan kwanakin nan sun fi karkata ga abin da jami'a ke yi da bayanan ɗalibanta da ma'aikatanta, da kuma ƙa'idojin da take gindaya wa masu amfani da kwamfutocinta da intanet ɗinta. Na taƙaita waɗanda na zaɓa, na kuma cire sunayen marubutansu da na jami'o'insu. Da yake dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, duk inda na ambaci wata doka zan faɗi inda take aiki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ranar da muka yi rajista an miƙa mana wata takarda mai shafuka da yawa game da amfani da intanet da imel na jami'a, muka sa hannu ba tare da mun karanta ba. Yanzu wata ƙawata ta ce ma'aikatan sashen kwamfuta suna ganin duk abin da muke yi a wayoyinmu muddin muka hau Wi-Fi ɗin makaranta. Shin gaskiya ne? Daga wata ɗaliba 'yar aji ɗaya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Akwai gaskiya a maganar ƙawarki, amma ta zuzuta ta. Duk lokacin da kika hau Wi-Fi ɗin jami'a da sunanki da kalmar sirrinki, na'urorin da ke rarraba intanet suna rubuta wasu abubuwa da kansu, ba sai wani ya zauna yana kallo ba: lambar da ta bambanta wayarki da sauran wayoyi, lokacin da kika hau da lokacin da kika sauka, ginin da kike a sa'ad da kika hau, yawan datar da kika ja, da kuma sunayen shafukan da kika ziyarta. Abin da ke cikin shafin kuwa ba su ganinsa, matuƙar adireshin ya fara da https, kuma haka mafi yawan shafuka suke a yau. Ma'aikaci zai iya sanin cewa kin shiga shafin wani banki da ƙarfe tara na dare daga ɗakin karatu, amma ba zai ga lambar asusunki ko kuɗin da kika tura ba. Saƙonnin WhatsApp da Signal a kulle suke tun daga wayar mai aikawa har zuwa ta mai karɓa, saboda haka wanda ke tsakani ba ya iya karanta su.

Imel ɗin da jami'a ta buɗe miki da kwamfutocin da ke ɗakunanta wani sha'ani ne daban. Ko da Google ko Microsoft ne ke ajiye akwatin saƙonninki, jami'a ce ke riƙe da ragamarsa, kuma ma'aikacin da aka ba babban iko zai iya sauya kalmar sirrinki ko ya binciki abin da ke ciki. Haka nan kwamfutar jami'a tana iya ɗauke da manhajar da ke lura da abin da ake yi a kanta. Shawarata ita ce ki ware imel ɗin makaranta ga sha'anin karatu, ki bar hirarki da asibiti da banki da dangi a akwatinki na kanki.

Sai dai samun hali bai zama samun izini ba, kuma a nan ne takardar da kika sa wa hannu take da muhimmanci. A shekarar 2007 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci a kan wata kwalejin gwamnati da ke yankin Wales na Birtaniya, wadda ta riƙa bibiyar kiran wayar wata ma'aikaciyarta da imel ɗinta da shafukan da take shiga, ba tare da an taɓa sanar da ita cewa ana iya yin hakan ba, kuma ba tare da wata rubutacciyar ƙa'ida da ta ba da damar yi ba. Kotun ta ce an keta sirrinta. Ki nemi kwafin takardarku, wadda galibi tana shafin jami'a, ki tsallake jerin abubuwan da aka hana ki, ki duba abin da jami'a ta ɗaure kanta da shi: wane ne ke ba da izinin buɗe akwatin wani, a wane hali ake bayarwa, shin ana rubuta sunan wanda ya buɗe da dalilinsa, kuma watanni nawa ake ajiye rajistar shiga da fita kafin a goge ta. Takardar da ta cika shafuka da hani ga ɗalibi, sannan ta ba jami'a damar duba komai a kowane lokaci cikin jimla ɗaya tak, a ganina gurguwar ƙa'ida ce, kuma ƙungiyar ɗalibai tana da hujjar neman a gyara ta.

TAMBAYA: Ni nake biyan kuɗin makarantar ɗana, amma da na rubuta wa ofishin jarrabawa ina neman sakamakonsa sai aka ce ba za a ba ni ba sai da izininsa. Wannan ba raini ba ne? Daga wani uba.

AMSA: Ranka ya daɗe, ɓacin ranka a fili yake, amma ma'aikacin da ya hana ka ya bi ƙa'ida ne. A mafi yawan dokokin kare bayanai, ɗalibin da ya kai shekarun girma shi ne ma'abucin bayanansa, kuma biya masa kuɗin karatu ba ya mayar da wannan haƙƙi ga mai biya. A Amurka akwai dokar da ake kira FERPA, wadda aka kafa a 1974. Ta ba iyaye ikon ganin takardun 'ya'yansu na makaranta, amma ikon yana komawa hannun ɗan da zarar ya cika shekara 18 ko ya shiga makarantar gaba da sakandare. Dokar ta bar wa jami'a damar sanar da iyaye a wasu lokuta, kamar idan ɗalibin yana ƙarƙashinsu a takardun haraji ko kuma lafiyarsa tana cikin haɗari, sai dai dama ce aka ba ta, ba a wajabta mata ba.

Ka duba lamarin ta ɓangaren ma'aikacin. Wasiƙa ce ko kiran waya ya zo masa daga wani da ya ce shi uba ne, kuma ba shi da hanyar tantancewa. Idan ya saba bayarwa ga duk wanda ya ce haka, gobe zai ba wanda ke bibiyar wata ɗaliba jadawalin darussanta da lambar ɗakinta. Mafita mai sauƙi ita ce ɗanka ya rubuta wa jami'a cewa ya yarda a riƙa ba ka sakamakonsa, kuma jami'o'i da dama suna da fom na musamman don haka. Idan ya ƙi rubutawa, to maganar tana tsakaninku ne, ofishin jarrabawa ba zai iya warware ta ba.

TAMBAYA: Malam, ina koyarwa a jami'a. Na saba tura sakamakon gwaji a zauren WhatsApp na aji ta hannun wakilin ɗalibai, ina kuma ajiye makin ɗalibaina na shekaru a kwamfutata ta gida da filash. Yanzu an aiko mana da takarda cewa duk wannan ya saɓa wa ƙa'ida. Ni ban ga abin ɓoyewa a makin gwaji ba. Mene ne ra'ayinka? Daga wani malami.

AMSA: Malam, ina tare da jami'arku a wannan magana, ko da yake na san sauƙi ne ya kai ka ga wannan hanya. Maki bayani ne da ya shafi mutum guda da ake iya ganewa, saboda haka doka ta rufe shi kamar yadda ta rufe adireshinsa. Kotun Tarayyar Turai ma ta wuce nan, domin a watan Disamba na 2017, a wata ƙara da ta taso daga Ireland, ta yanke cewa amsoshin da mutum ya rubuta a takardar jarrabawa da sharhin da mai dubawa ya yi a gefensu suna cikin bayanansa. Sakamakon da ya shiga zauren mutum ɗari biyu ya fita daga hannunka har abada, kowa na iya ɗaukar hotonsa ya tura gaba, kuma ɗalibin da ya faɗi bai zaɓi duniya ta sani ba. Cire suna a bar lambar rajista yana rage ɓarna amma ba ya kawar da ita, tunda 'yan aji sun san lambobin juna daga takardar halartar darasi da suke sa wa hannu kowane mako. Hanyar da ta dace ita ce kowane ɗalibi ya ga nasa shi kaɗai a shafin jami'a.

Batun kwamfutar gida da filash ne ya fi damuna. Buɗe fayil ɗinka ka duba da kyau, zai yi wuya ka tarar maki ne kawai a ciki. Galibi akwai wani layi a gefe inda malami ya rubuta wa kansa dalilin da ya sa wance ba ta zauna gwaji ba, ko rashin lafiyar da ta sa aka ɗaga wa wane ƙafa. Irin wannan fayil ne ya jefa Jami'ar East Anglia ta Ingila cikin matsala a 2017, lokacin da aka yi kuskuren tura wa ɗalibai kusan 300 jerin uzurorin da wasu 'yan uwansu suka gabatar, har da cututtuka da rasuwar dangi da cin zarafin da aka yi wa wasu. Babu wani mai kutse a cikin wannan labari, adireshin da ba daidai ba aka saka.

Misali na biyu ya fi kusa da halinka. A 2004 wani malami da wani ɗalibi a Jami'ar Greenwich da ke Landan suka haɗa ɗan ƙaramin shafi don wani taro. Taro ya watse, aka manta da shafin, ba a rufe shi ba kuma ba a sabunta tsaronsa ba. Bayan shekaru masu kutse suka bi ta cikinsa suka kai ga bayanan mutum kusan 20,000, waɗanda kimanin 3,500 daga cikinsu sun ƙunshi abubuwa irin su rashin lafiya da uzurorin ɗalibai. A 2018 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci tarar jami'ar fam 120,000, duk da cewa ba da sanin hukumomin jami'ar aka haɗa shafin ba, domin a idon doka jami'a ce ke da alhakin duk bayanan da ma'aikatanta suka tara da sunanta. Wannan shi ya sa takardar da aka aiko muku take da zafi.

Abin yi a nan ba shi da yawa. Ka miƙa tsofaffin makin ga ofishin da ke da alhakin ajiye su, ka goge kwafinka, ka mayar da aikin wannan zango inda jami'a ta tanada. Idan dole ne ka yi aiki a kwamfutarka, ka kunna tsarin kulle faifai, wato BitLocker a Windows ko FileVault a Mac, ta yadda wanda ya sace ta ba zai iya karanta abin da ke ciki ba. Amma ita ma jami'a da nata laifin idan ta hana tsohuwar hanya ba tare da ta samar da sabuwa mai aiki ba, domin malamin da shafin jami'a ya ƙi buɗe masa daren da za a rufe shigar da maki zai koma ga filash ɗinsa, ko an aiko masa da takarda goma. Ku faɗa wa hukuma wannan a rubuce.

TAMBAYA: A ofishinmu an tilasta mana sauya kalmar sirri duk bayan wata uku, yanzu kuma an ƙara da wata lamba da ake turowa waya kafin a shiga. Mu biyar ne a ofis kuma da kalmar shugabanmu muke shiga rumbun bayanan ɗalibai. Duk wannan wahala ta mece ce? Daga wata sakatariya.

AMSA: Hajiya, abubuwa uku kika ambata, kuma hukuncinsu ya bambanta. Sauya kalmar sirri duk wata uku tsohon yayi ne. Tun a 2017 hukumar NIST ta Amurka, wadda ake yawan bin ƙa'idojinta a wannan fanni, ta ba da shawarar a daina tilasta sauyi sai idan akwai alamar an sace kalmar, saboda an lura cewa mutane suna ƙara lamba ɗaya ne a ƙarshen tsohuwar, ko su rubuta sabuwar a takarda su manna a jikin allon kwamfuta. Doguwar kalma da aka haɗa daga kalmomi uku ko huɗu marasa alaƙa da juna, wadda ba a amfani da ita a wani wuri, ta fi gajeriya mai tarin alamomi.

Lambar da ake turowa waya kuwa ki riƙe ta da kyau, domin ita ce ke hana ɓarawon kalmar sirri shiga. Da yawa daga cikin manyan hare-haren da aka kai wa jami'o'i da saƙon imel na yaudara suka fara. A 2018 Amurka ta tuhumi wasu 'yan Iran tara da kutsawa cikin jami'o'i 144 na ƙasar da wasu 176 a ƙasashe 21, kuma dabararsu ita ce aika wa malamai saƙon da ya yi kama da na abokin aiki mai neman wata maƙala, wanda ke kai su wani shafin bogi da zai karɓi kalmar sirrinsu. Kada ki taɓa karanta wa kowa wannan lamba ta waya, ko da ya ce daga sashen kwamfuta yake, domin ma'aikacin gaskiya ba ya buƙatarta.

Na ukun ne ya kamata ku daina tun yau. Rumbun bayanai yana rubuta sunan wanda ya shiga da abin da ya taɓa. Ranar da aka tarar an sauya makin wani ɗalibi, rajista za ta nuna sunan shugabanku ne kawai, zargi kuma zai hau kanku ku biyar ba tare da wadda ba ta da laifi ta iya wanke kanta ba. Ku nemi a buɗe wa kowa nasa asusun, a kuma ba shi ikon ganin abin da aikinsa ke buƙata kaɗai.

TAMBAYA: Ina rubuta kundin digiri na biyu, na yi hira da marasa lafiya na ɗauki muryoyinsu. Na cire sunayensu daga rubutun. Kwamitin ɗa'ar bincike ya ce hakan bai wadatar ba, ya kuma hana ni loda muryoyin a wata manhajar intanet da ke mayar da magana rubutu. Ina ganin sun tsananta. Daga wani ɗalibi mai bincike.

AMSA: Malam, cire suna shi ne mataki mafi sauƙi, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Wata masaniya a Amurka, Latanya Sweeney, ta yi amfani da alƙaluman ƙidayar 1990 ta nuna cewa ana iya gane kimanin kashi 87 cikin ɗari na mutanen ƙasar da abubuwa uku kacal: lambar yankin gidan waya, ranar haihuwa, da jinsi. A hira lamarin ya fi haka sauƙi. Idan ka rubuta cewa wata ma'aikaciyar jinya mai shekara 52, mai 'ya'ya shida, wadda mijinta ya rasu bara, tana fama da wata cuta, duk wanda ke aiki a asibitinsu ya san ko wace ce. Sai ka mayar da shekaru zango, ka faɗaɗa sunan sana'a da na wuri, ka cire duk wani bayani da bincikenka ba ya buƙata. Takardar da ta haɗa sunan gaskiya da lambar da ka ba kowane mutum kuma ta zauna a wani wuri daban a kulle, domin muddin tana nan, doka tana ɗaukar bayanan a matsayin na mutanen da ake iya ganewa.

Game da manhajar, ka koma ga takardar amincewar da mutanen nan suka sa wa hannu. Idan ka yi musu alkawarin cewa kai da malamin da ke duba aikinka ne kaɗai za ku ji muryarsu, to loda ta a shafin wani kamfani karya alkawari ne, ko da babu ɗan Adam da zai saurara a can. Muryar za ta sauka a wata ƙasa da ba ka sani ba, kuma wasu kamfanoni suna ba kansu damar ajiye abin da aka loda ko su inganta manhajarsu da shi, musamman a tsarin da ake amfani da shi kyauta. Bayanin lafiya yana cikin rukunin da dokoki suka fi tsanantawa a kai, tare da addini da ƙabila da ra'ayin siyasa. Wannan hani na loda bayanai a shafin wani kamfani ya shafi har manhajojin basirar kwamfuta da ake liƙa wa rubutu a ce su taƙaita shi.

Ka tambayi jami'arka ko tana da manhajar da ta ƙulla yarjejeniya da masu ita, wadda ta fayyace inda ake ajiye bayanai da ranar goge su. Idan babu, akwai manhajojin da ke aiki a cikin kwamfutarka ba tare da sun aika komai waje ba, kuma rubutawa da hannu, duk da cin lokacinsa, yana sa mai bincike ya san bayanansa ciki da waje. Ka kuma goge muryoyin daga wayar da ka ɗauka da ita, domin wayoyi da yawa suna kwafe fayiloli zuwa ma'ajiyar intanet da kansu.

TAMBAYA: Na gama jami'a shekaru takwas da suka wuce amma har yanzu suna aiko mini da saƙon neman gudummawa. Zan iya sa su goge duk bayanaina? Daga wani tsohon ɗalibi.

AMSA: Za ka iya hana su saƙon, amma ba za ka iya sa su goge komai ba. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki a ranar 25 ga Mayun 2018, ta ba mutum cikakken ikon dakatar da saƙonnin talla da makamantansu, ta kuma ba shi haƙƙin neman a goge bayanansa, sai dai wannan haƙƙi na biyu yana da iyaka. Dokokin da suka biyo ta, kamar ta Kenya ta 2019 da ta Nijeriya ta 2023, sun bi wannan tsari. Shaidar digirinka da cikakken sakamakonka za su zauna, kuma amfaninka ne su zauna, domin ranar da wani ma'aikaci ya nemi tabbacin takardarka jami'a ce za ta bayar. Kwafin katin shaidarka da bayanan ɗakin kwananka da na asibitin makaranta kuwa ya kamata a ce suna da wa'adi. Ka rubuta wa jami'in kare bayanai na jami'ar ka nemi a nuna maka abin da suke riƙe da shi, da dalili, da wa'adin kowanne. A ƙarƙashin GDPR wata ɗaya ke gare su su amsa.

TAMBAYA: Jami'armu ta aiko da sanarwa cewa an yi kutse a rumbunta kuma mai yiwuwa an kwashi bayananmu. Ana kuma rade-radin cewa masu kutsen suna neman kuɗin fansa. Me ya kamata mu yi, kuma shin ya dace jami'a ta biya? Daga wani ɗalibi ɗan ajin ƙarshe.

AMSA: Da farko, aiko da sanarwar alama ce mai kyau. GDPR ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72 da gano kutsen da ke iya cutar da mutane, da kuma sanar da waɗanda abin ya shafa ba tare da jinkiri ba idan haɗarin babba ne, kuma dokokin Kenya da Nijeriya sun ɗauki wannan wa'adi na awa 72. Jami'ar da ta yi shiru don gudun zubewar mutunci ta hana ku damar kare kanku ne.

A naka ɓangaren, ka sauya kalmar sirrinka ta jami'a, da ta duk wani wuri da ka maimaita ta, ka fara da imel ɗinka na kanka tunda ta nan ake sake buɗe sauran asusu. Ka kunna tabbaci na biyu, wato lambar da ake turowa waya kafin a shiga, a duk inda ake da shi. Sannan ka shirya wa saƙonnin yaudara da suka fi na da kama da gaskiya, domin wanda ke riƙe da sunanka da sashenka da lambar rajistarka zai iya rubuto maka kamar daga ofishin kuɗi yake, yana cewa akwai bashi a kanka da zai hana ka zama jarrabawa. Kada ka latsa mahaɗin da ke cikin irin wannan saƙo, ka rubuta adireshin jami'a da hannunka ko ka je ofishin da ƙafarka. Kana kuma da haƙƙin tambayar ainihin abin da aka kwasa, domin satar adireshin imel daban take da satar kwafin fasfo ko bayanan banki, wadda ke buƙatar ka sanar da bankinka.

Biyan fansa kuwa hukumomin tsaro suna ba da shawarar kada a yi shi, domin yana ƙarfafa masu laifi kuma babu tabbacin za su goge abin da suka kwafa. Duk da haka jami'o'i sun biya. Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan, wadda aka kulle mata kwamfutoci ana dab da Kirsimetin 2019 bayan masu kutse sun shafe wata biyu a cikin tsarinta ta hanyar saƙon yaudara, ta biya bitcoin 30 (wani nau'in kuɗin intanet), kimanin yuro 200,000 a lokacin, saboda harin ya taɓa har da wasu kwafinta na ajiya kuma jarrabawa na ƙaratowa. Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco ta biya dala miliyan 1.14 a watan Yunin 2020 don ta karɓo bayanan makarantarta ta koyon likitanci. Abin da ke sa jami'a ta iya ƙin biya shi ne kwafin ajiya da aka ware daga sauran kwamfutoci, wanda kuma aka taɓa gwada dawo da aiki daga gare shi.

Akwai tambaya ɗaya da wakilanku ya kamata su yi wa hukuma idan ƙura ta lafa. Lokacin da Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya ta sanar da nata kutsen a 2019, ta ce rumbun da aka shiga yana ɗauke da bayanan da suka koma baya shekara 19. Ku tambayi jami'arku shekarun da nata rumbun ya ƙunsa, da waɗanne bayanai ne a ciki wa'adinsu ya wuce ba a goge ba, ku kuma nemi a ba ku amsar a rubuce tare da ranar da za a kammala gogewar.